Mata Biyu da Babur Ɗaya: Tafiyar Landan Zuwa Kef Tawun ta Agadas da Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawa babur daga Kano zuwa Zariya ya san yadda baya ke ƙagewa, idanu su kaɗa su yi jawur, ƙura ta mayar da baƙar riga fara. Wannan tafiya kuwa ba ta fi mil ɗari ba, kuma a kan kwalta ake yin ta, ga gidajen mai da masu faci a kowane gari. To, mai karatu ya auna a ransa tafiyar mil 13,500 a kan babur, a zamanin da yawancin hanyoyin Afirka turba ce ta ƙafa da ta raƙumi, kuma ya ƙara da cewa matafiyan mata ne su biyu, babu namiji ko ɗaya a tare da su, babu motar da ke biye da su da kayan gyara.

An yi wannan tafiya, ba tatsuniya ba ce. Wasu Turawan Ingila mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, sun tashi daga Landan ran 11 ga Disamba, 1934, wato cikin kwanakin farko na watan azumin shekarar 1353, suka isa Kef Tawun da ke ƙarshen Afirka ta Kudu ran 29 ga Yuli, 1935. Kwana 230 ke nan. Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin a wannan mujalla tamu shi ne, hanyarsu ta ratsa ta tsakar gidanmu, ta Agadas da Kano. Sannan kuma akwai abin lura ga duk mai riƙe da alƙalami a cikin yadda labarin ya iso gare mu, da wanda ya kawo shi, da kuma waɗanda aka bari a baya ba a ji ta bakinsu ba.

Su Wane Ne Matan?

An haifi Theresa Wallach a 1909. Ta koyi hawan babur ba da son iyayenta ba, sa'an nan ta karanta aikin injiniya a Landan a lokacin da da wuya a ga mace a irin wannan aji. Ita kuwa Florence Blenkiron 'yar yankin Yokshaya ce a arewacin Ingila, an haife ta a 1904. Dukkansu biyu 'yan tseren babur ne a wani shahararren filin tsere da ake kira Brooklands. A wannan fili akwai lambar yabo ta tauraron zinariya, wadda ake ba duk wanda ya kewaye filin da gudun da ya haura mil 100 a sa'a guda. Florence ce mace ta farko da ta sami wannan lamba, a 1934. Theresa ta sami tata a 1939, bayan dawowarta daga Afirka. Mata uku kacal suka taɓa samun ta.

Mun kawo wannan ne don kada a ɗauka wasu 'yan gata ne da suka ga babur jiya suka ce za su ci duniya yau. Sun san inji ciki da bai, suna iya kwance shi su mayar, kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, wannan sani ne ya fitar da su a Agadas. A ranar tashinsu jama'a sun taru yi musu ban kwana, cikinsu har da Lady Astor, macen da ta fara zama a kujerar majalisar dokokin Ingila.

Babur Ɗin Kansa

Babur ɗin da suka hau sunansa Panther, ƙirar kamfanin Phelon and Moore da ke garin Cleckheaton a Yokshaya, su kuma suka raɗa masa suna Venture, wato kasada. Injinsa silinda ɗaya ne, mai girman cc 600. Idan muka tuna cewa baburan da muka saba gani a titunanmu yawancinsu cc 100 ne zuwa 125, za mu gane cewa ƙato ne. Ba don gudu aka yi shi ba, an yi shi ne don jan kaya. Fistan ɗinsa yana da doguwar tafiya a cikin silinda, saboda haka yana bugawa a hankali amma da ƙarfi, kamar sakan mace mai ƙwari a turmi. Wani abin da ya bambanta Panther da sauran babura shi ne, injin a karkace yake zuwa gaba, kuma shi kansa injin ne ke tsaye a madadin ƙarfen gaba na gangar jikin babur ɗin. An fara ƙera wannan samfuri a 1932, aka ci gaba da yin sa har 1963.

A gefensa aka ɗaura wani akwati mai taya ɗaya na kamfanin Watsonian, inda ɗaya za ta zauna yayin da ɗaya ke tuƙi, a baya kuma aka jona 'yar tirela mai ɗauke da tanti da sauran kaya. A kan wannan inji guda aka ɗora mutum biyu, da man fetur, da baƙin mai, da ruwan sha, da abinci, da kayan gyara.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan abin da hamada ke yi wa irin wannan inji, domin a nan ne wahalar take. Babur na wancan zamani ba shi da ruwan sanyaya inji, iskar da ke bugunsa idan yana gudu ita ce ke sanyaya shi. A cikin rairayi kuwa dole a sa ƙaramar giya, inji yana ihu amma babur yana rarrafe, ga zafi yana ƙaruwa, ga iskar da za ta rage shi babu. Rairayi mai laushi yana bin iska ya shiga cikin inji, ya gauraya da baƙin mai, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cin ƙarfe sannu a hankali. Haka yake cin sarƙa. Ƙafar baya ba ta da sifirin, don haka kowane dutse da aka taka sai ya isa ga ƙashin bayan mai tuƙi da kuma kowane noti na jikin babur. Bugu da ƙari, tayoyin babur suna bin layi ɗaya, tayar akwatin gefe tana bin wani, na tirela kuma nasu daban, ta yadda ko an sami sawun mota ba zai dace da su ba. Idan suka kafe, sai a sauka a yi haƙa, a tura, a ci gaba, a sake kafewa.

Sai dai kuma wannan tsohon inji yana da wata falala da na zamani ba su da ita. Babu kwamfuta a cikinsa, babu wani abu da aka rufe aka ce sai kamfani ne zai buɗe. Duk abin da ya lalace ido yana ganinsa, kuma mai sifana da basira yana iya taɓa shi.

Hanyar Hamada

Daga Ingila suka tsallaka Faransa, suka gangara zuwa Marsel, suka shiga jirgin ruwa zuwa birnin Aljiyas. Daga nan suka fuskanci kudu: Gardaya, Algoleya, In Salah, Tamanrasat da ke cikin duwatsun Hoggar, sai In Gezam a bakin iyakar Nijar ta yau, sai Agadas. Tsakanin Aljiyas da Tamanrasat akwai kusan kilomita 2,000, daga can zuwa Agadas kuma kusan 900, kuma wannan zango na biyu shi ne mafi tsanani saboda nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya. Lokacin hunturu ne, rana da zafi, dare kuwa da sanyi mai ratsa ƙashi. Ko kamfas na gane gabas da yamma ba su ɗauka ba.

A wancan lokaci duk wannan yanki yana hannun sojan Faransa, kuma mota ba ta daɗe da fara ratsa shi ba. Tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923 ne motocin Citroën masu sarƙa a ƙafafun baya suka fara ƙetare Sahara, daga Tugurt zuwa Tambutu. A 1927 wasu sojojin Faransa biyu da wani bakanike ɗan Beljiyam suka ratsa ta a kan baburan FN, don haka ba daidai ba ne abin da wasu ke faɗa cewa Panther ɗin matan nan ne babur na farko da ya taka hamadar. A cikin shekarun 1930 kuma wani kamfanin sufuri na Faransawa mai suna SATT ya buɗe layin motoci daga Aljiyas zuwa Kano ta Hoggar. Dokar hanya ita ce, matafiyi ba ya wuce bariki sai da izini, kuma idan ya tashi ana buga waya marar igiya zuwa bariki na gaba a sanar, in kwanakin da aka ɗiba masa suka cika bai iso ba a fita nemansa, shi kuma ya biya kuɗin neman. Sai da matan nan suka yi ta jayayya da hafsoshin Faransa kafin a bar su su ci gaba, domin hafsoshin ba su ga yadda za a yi mata biyu a kan babur su fita da rai ba.

Ga Bature wannan hanya sabuwa ce. Ga mutanen Abzin da fataken ƙasar Hausa kuwa tsohuwa ce ƙwarai. Shekaru ɗaruruwa ayarin raƙuma ke bin ta da makamantanta, ana kai turkuɗi da fatu da goro arewa, ana kawo gishiri da dabino da hajar Larabawa kudu. Rijiyoyin da matan suka dogara da su, ba Faransawa suka gano su ba.

Zaman Agadas

Abin da ake tsoro ya auku kafin su isa Agadas: inji ya buga. Da ƙyar da jiɓin goshi aka kai babur ɗin cikin gari. A Agadas ta 1935 babu kantin da ke sayar da kayan Panther, babu shi a Damagaram, saboda haka sai da aka aika Ingila, suka zauna makonni suna jira. Da kayan suka iso, su da kansu suka kwance injin gaba ɗaya suka sake haɗa shi, ya tashi, kuma shi ne ya kai su har ƙarshen nahiyar.

Bari mu dubi garin da suka yi wannan zama a cikinsa. Agadas ita ce mazaunin Sarkin Abzin tun ƙarni na 15. Hasumiyar masallacinta ta ƙasa, mai tsawon mita 27, tun ƙarni na 16 aka fara gina ta, aka sabunta ta a 1844, kuma ita ce abin da matafiyi ke fara hangowa daga nesa. Shekara 18 kacal kafin zuwan matan garin ya ga bala'i. A ƙarshen 1916 Kawsan da mayaƙansa suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya har zuwa watan Maris na 1917, kuma da Faransawa suka karɓe garin sun yi ramuwa mai muni, suka kashe mutane da yawa har da malamai. Ke nan duk wani magidanci ɗan shekara talatin da ya tsaya kallon Turawan nan mata suna kwance inji, ya ga wancan tashin hankali da idonsa. Kuma harshen da ake ciniki da hira da shi a garin Hausa ne.

To, a nan ne tambayarmu take. Makonni baƙin nan suka yi a tsakiyar masu jin Hausa. Wani ya ɗebo musu ruwa, wata ta sayar musu da abinci, yara sun kewaye su, dattawa sun tattauna al'amarinsu a bakin masallaci, mata sun yi maganarsu a cikin gida, wataƙila har da zambo ko waƙa. Mace da wando, hannunta dumu-dumu da baƙin mai, ba abin da za a gani a yi shiru ba ne. Amma labarin wannan zama da duniya ke karantawa a yau daga baki ɗaya ya fito, bakin baƙuwar. Ita ta dube mu ta rubuta, mu da muka dube ta muka bar abin a hira, hira kuwa tana bin mai ita kabari.

Kano da Sauran Tafiyar

Daga Agadas suka gangaro kudu, rairayi yana raguwa, ƙaya da ciyawa suna ƙaruwa, har suka shigo ƙasar noma, suka tsallaka iyakar Faransa da Ingila, suka iso Kano. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, kuma a shekarar 1934 shi ma ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, cinikin gyaɗa ya kankama, akwai kantunan Turawa da na Kwarori, akwai gidan waya. Ga wanda ya fito daga hamada, Kano ita ce wurin da ake sauke numfashi, kamar dai yadda take ga ayarin da ke sauka a Fagge tun kafin a san za a yi wani abu wai shi babur.

Amma Kano ba ta kai rabin tafiyarsu ba. Daga nan suka nausa gabas ta ƙasar Barno suka shiga Cadi, suka karkata kudu zuwa dazuzzukan Kwango, inda abokin gaba ya tashi daga rairayi ya koma taɓo da ruwan sama da koguna. Suka fita ta Yuganda, suka shiga Kenya, suka bi ta Tanganyika, da Rodeshiya ta Arewa da ta Kudu, wato Zambiya da Zimbabuwe na yau, har Afirka ta Kudu. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Idan aka raba mil 13,500 a kan kwana 230, za a ga abin da suke ci a rana bai kai mil 60 ba.

Wadda Ta Rubuta da Wadda Ba Ta Rubuta Ba

A Kef Tawun matan suka rabu. Theresa ta koma gida a jirgin ruwa. Florence kuwa ta sami wani sabon Panther ta juyo arewa ita kaɗai, ta isa Ingila a 1936. In da jarunta kaɗai ake dubawa, da sunanta ne zai fi tashi, domin ita ce ta fara cin lambar Brooklands, kuma ita ce ta sake fuskantar hanyar ba abokiyar tafiya. Amma ba haka abin ya kasance ba.

Theresa ta yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, tana kai saƙo a kan babur tana gyaran motoci. A 1947 ta tafi Amurka ta yi shekara biyu da rabi tana zagaya ta a kan babur, sa'an nan ta buɗe shagon sayar da baburan Ingila da gyaransu a Shikago. A 1970 ta fitar da littafin koyar da tuƙi mai suna Easy Motorcycle Riding, daga baya ta koma Finiks ta buɗe makarantar koyon babur. Duk tsawon wannan lokaci tana riƙe da rubuce-rubucenta da hotunan tafiyar Afirka. Ta rasu ran 30 ga Afrilu, 1999, ranar da ta cika shekara 90 cif. Littafin tafiyar, The Rugged Road, bai fito ba sai 2001, shekara 66 bayan isarsu Kef Tawun, kuma shekara biyu bayan an binne mai shi.

Florence ta rasu a 1991, ba a buga wani littafi nata a kan tafiyar ba. Sakamakon haka, yau idan aka ambaci wannan tafiya sunan Theresa ake fara kira, da idonta ake ganin hamadar, da bakinta ake jin abin da ya faru a Agadas. Tafiyar Florence ta komowa, wadda ta isa a yi mata littafi sukutum, ta zama 'yan layuka a ƙarshen labarin wata. Malamanmu na zaure sun daɗe suna faɗa wa almajirai cewa abin da aka rubuta shi ke zama, wanda aka bar wa ƙwaƙwalwa kuwa gudu yake yi.

Ba Su Kaɗai Ba Ne

Idan muka duba sauran mashahuran tafiye-tafiyen tsofaffin babura, haka za mu tarar. Carl Stearns Clancy, ɗan Amurka, ya kewaya duniya a kan babur Henderson tsakanin 1912 da 1913, kuma rahotannin da yake aika wa wata mujalla daga hanya su suka adana labarinsa. Ernesto Guevara, wanda duniya ta sani da Che, ya fita zagayen Amurka ta Kudu a farkon 1952 tare da abokinsa Alberto Granado a kan wani tsohon Norton ƙirar 1939. Babur ɗin ya mutu a ƙasar Cile, suka ƙarasa a ƙafa da bayan manyan motoci da jirgin ruwa, amma littafin ajiyar bayanansa ya rayu har aka buga shi shekaru da yawa bayan kashe shi. Ted Simon, ɗan jarida daga Ingila, ya tashi a 1973 a kan Triumph mai cc 500, ya yi shekara huɗu yana yawo a ƙasashe 45, ya fitar da Jupiter's Travels a 1979.

Mu ma a Nijeriya muna da namu. Olabisi Ajala ya ratsa ƙasashe da dama na Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, yawanci a kan ƙaramin babur irin wanda muke kira Basfa, ya gana da shugabanni irin su Nehru na Indiya da Nasir na Masar. Littafinsa, An African Abroad, ya fito a 1963. Ya rasu a Legas a 1999 cikin rashi, a shekarar da Theresa ta rasu, amma littafin ya sa an sake waiwayarsa, har aka sake buga shi a 2022.

Akwai dalilin da ya sa tsohon babur ke haifar da littafi mai daɗi. Mai jirgin sama ba ya ganin kowa, mai mota yana bayan gilashi. Mai tsohon babur kuwa a fili yake, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, kuma injinsa ba ya rabuwa da lalacewa. Kowace lalacewa tana tilasta masa ya sauka a garin da bai yi niyya ba, ya nemi maƙeri, ya kwana a gidan wanda bai sani ba, ya ci abin da aka ba shi. Da injin Panther bai buga ba, da Agadas zangon kwana ɗaya ce a cikin labarin.

Ina Namu?

Kada a ce rubutun tafiya baƙon abu ne a adabinmu. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth ya ƙetare hamada ta hanyar Bilma da Murzuk har Ingila a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Wato shekara 80 kafin matan nan su dubi ƙasarmu, wani namu ya dubi tasu ya faɗi abin da ya gani. A daidai lokacin da suke kan hanya kuma, littattafan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 suna fitowa daga Zariya, cikinsu har da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma labarinsa ya ratsa hamada. Bayan haka Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama.

Tushe dai akwai shi, ginin ne bai yi nisa ba. Hanyar gabas da matan nan suka ɗauka daga Kano zuwa Cadi, ita ce dubban alhazanmu suka bi a ƙasa, ta Fort Lami da Abeshe da Alfashir zuwa bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekara biyar, wasu goma, suna noma da ƙwadago a hanya, wasu kuma su zauna ke nan, kamar yadda garin Mai Wurno da sauran unguwannin Hausawa a Sudan suke shaida. Ga fataken goro na hanyar Gwanja. Ga direbobin manyan motoci da suka san kowace rijiya tsakanin Agadas da Sabha. Ga malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan asibiti waɗanda suka yi shekaru suna kewaya ƙauyuka a kan Basfa da Honda da Suzuki, a zamanin da samun bashin babur shi ne alamar mutum ya zama ma'aikaci. Kowane ɗayansu yana da tasa Agadas, inda abin hawa ya mutu, mutanen da bai sani ba suka karɓe shi.

Waɗannan mutane suna ƙarewa. Wanda ya je Makka a ƙasa yana saurayi a 1950, in yana raye yau ya haura shekara 90. Hanyoyin su ma suna canzawa. Rashin tsaro ya sa masu yawon buɗe ido sun ƙaurace wa hanyar Hoggar, kuma da Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan zuwa Legas a 2022 don yaƙi da cutar shan inna, ta Maroko da Muritaniya ya biyo.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ba ta da tsada. Wanda zai yi tafiya, ko ta kwana biyu ce, ya sa ɗan littafi a aljihu, ya rubuta kwanan wata, da sunan gari, da nisan hanya, da kuɗin mai, da abin da ya lalace, da yadda aka gyara, da abin da mai gyaran ya ce. Waɗannan ƙananan abubuwa da muke rainawa su ne mai karatu na shekara hamsin masu zuwa zai fi nema. Wanda kuma ba shi da halin tafiya, akwai tsoho a unguwarsu da ya riga ya yi masa ita. Ya je ya gaishe shi, ya zauna, ya yi tambaya, ya ɗauki magana, ya rubuta da sunan mai ita da izininsa. Rassan ƙungiyarmu na jihohi za su iya ware zama ɗaya a cikin zaman karatu na wata-wata don irin wannan rubutu, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke gare shi.

Kada rashin mai bugawa ya karya mana gwiwa. Rubutun Theresa ya yi shekara 66 yana jira kafin ya ga ɗab'i, kuma da ba ta rubuta ba da babu abin da za a buga. Allah Ya ba mu ikon adana abin da muka gani da abin da magabatanmu suka gani, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani ga na baya. Amin.